Na Je Yankari Kallon Giwa, Na Ɓuge Da Kallon Gara

   

Uwargida, yau hirar tamu a kan gara ce. Kada ki yi saurin gyara zama ki ce Malama za ta taɓo zancen buhunan shinkafa da jarkokin mai da alkakin da ake kai wa amarya. Waccan garar mun ajiye ta sai wata fitowar. Wadda nake nufi ita ce 'yar mitsitsiyar halittar nan fara, mai cin azara da ƙyaure da tabarma, wadda ta taɓa sa ni kuka har da majina, daga baya kuma na je dajin Yankari na durƙusa ina kallon aikinta baki buɗe.

Akwatin Baba

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, malamin zaure ne. Da ya rasu aka zo rabon gado, sai 'yan uwana suka yafe mini rabonsu na akwatin littattafansa, suka ce tunda ni ce na bi layin koyarwa ni zan fi amfana da su. Akwatin katako ne irin na da, mai nauyi, cike da littattafan fiƙihu da na lugga waɗanda Baba ya cika gefen shafukansu da sharhi cikin ajami da hannunsa. Na kawo shi gida na ajiye a ɗan ɗakin da muke zuba tarkace, a dandaryar ƙasa, jingine da bango. Bayan bangon nan kuwa famfonmu ne, wanda ya daɗe yana ɗiga. Kullum ina cewa idan an yi hutu zan zauna in jera su a kanta. Hutu ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, har shekara uku.

A daminar 2022 wata ɗalibata ta ajin matan aure ta yi mini wata tambaya a kan idda, na tuna Baba ya taɓa nuna mini bayaninta a gefen wani littafi. Da na dawo gida na je na ɗaga murfin akwatin. Murfin lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Abin da na tarar a ciki jar ƙasa ce, ta haɗe littattafan ta mai da su dunƙule guda. Na sa hannu zan ɗago na sama, sai ya ruguje a tafina. Gindin akwatin babu shi sam, gara ta shigo ta nan. Abin da na iya tsirarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, shi ma duk ɓalli-ɓalli.

'Yar uwa, kayan ɗaki idan sun lalace ana sake wasu, amma rubutun hannun mahaifi a wace kasuwa za ki same shi? Na yi mako ban iya gaya wa yayanmu ba saboda kunya. Tun daga ranar na ɗauki gaba da gara. Ko zanenta na gani a bangon makaranta sai na cire takalmi na murje shi.

Hanyar Bauchi

A hutun ƙarshen shekarar 2023 muka kai wa ƙanin maigidana ziyara a Bauchi. Mun tashi daga Kano bayan sallar asuba, muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, hazo ya rufe ko'ina, duwatsun Ningi sai dai ki hango inuwarsu. Kwana biyu da saukarmu sai yara suka tasa Abbansu gaba, su dai a kai su Yankari su ga giwa. Ni ma ban ƙi ba, domin an ce gani ya kori ji.

Daga Bauchi titin Gombe ake bi, idan an kai Dindima sai a karya dama a nufi ƙofar dajin da ke Mainamaji, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofar zuwa masaukin baƙi na Wikki akwai tafiyar kusan kilomita 40, duk a cikin daji. An keɓe wannan daji ne tun 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 aka mai da shi ga gwamnatin jihar Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yana cikin 'yan wuraren da giwaye suka rage a ƙasar nan.

Tun a wannan hanya na fara lura da shi. Dama da hagu, tsakanin itatuwan marke da taura da madobiya, ga shuri nan tsaitsaye jajawur, wani kamar rumbu, wani da rassa kamar hasumiyar masallaci. Yara na ihun sun ga gadu ya ɗaga jela yana gudu, ni kuwa ina ƙirga gidajen maƙiyata. Na ce wa Abban Hafsa, "Ashe garinsu ka kawo ni." Ya yi dariya ya ce, "To sai ki yi ladabi, baƙuwa ce ke."

Da isarmu masauki birai suka yi mana maraba irin tasu. Kafin mu gama sauke kaya wani ƙaton gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun Abdullahi ya haye rufin ɗaki, ya zauna yana ci yana kallonmu. Idan Allah Ya kai ki, ki rufe abincinki, ki kuma rufe ƙofa da taga.

Itacen da ya tare hanya

Washegari da sassafe, sanyi na ratsa ƙashi, muka shiga buɗaɗɗiyar motar zaga daji tare da jagora, wani dattijo siriri wanda ya ce ya daɗe yana aiki a dajin. Mun ga gwambaza, mun ga mazo ya tsallake hanya, mun hangi garken ɓauna daga nesa. Giwa kam sai dai sawunta da kashinta, da itatuwan da ta kakkarya. Ɗaya daga cikin rassan da ta karya ne ma ya tare mana hanya, direba ya tsaya, jagora ya sauka ya janye shi.

A gefen hanyar akwai wani tsohon gungume kwance, kaurinsa ya kai na turmi, an lulluɓe shi da jar ƙasa kamar an yi masa yaɓe. Hafsa ta tambaya ko wa ya shafe shi da laka. Jagoran ya duba ko'ina, ya ce za mu iya saukowa amma kada kowa ya yi nisa da mota. Ya sa sandarsa ya ɗan ɓanɓare yaɓen. Nan take sai ga su, fararen nan, dubbai, suna ta kai-komo, ga wasu masu manyan jajayen kawuna sun fito bakin ɓarakar sun buɗe baki. Na ja da baya na ce, "A'uzubillahi! Malam, ai waɗannan su suka cinye mini gadon ubana."

Ya dube ni ya ce, "Allah Ya jiƙansa, Malama. Amma da babu su, da motar nan ba ta da hanyar wucewa. Ki duba yawan itacen da giwa ke karyawa, da wanda iska ke kayarwa, da wanda tsufa ke kashewa. Mu ba ma kwashewa, doka ta hana a yi itace a nan. To wa kike gani yake share dajin?"

Na waiga na dubi dajin da kyau. Gaskiyarsa. Daji ne da aka shekara fiye da sittin ana karewa, itace na mutuwa a cikinsa kullum, amma ƙasansa ba a cushe yake ba. Ya taka gungumen da ƙafa, sai ya burma kamar busasshiyar ƙwarya. Cikinsa babu komai sai ƙasa mai laushi. Ya ɗebo ya zuba mini a hannu. Irin ƙasar da na tarar a akwatin Baba ce sak.

Me ke cikin shuri?

Ya kai mu gaban wani shuri da ke kusa, wanda ya fi maigidana tsawo nesa ba kusa ba. Na ƙwanƙwasa shi, tauri kamar siminti. Ya ce babbar gara ce mai gina irinsa, wadda muke kira zago. Abin da ya faɗa mana a gurguje, da abin da na bincika bayan na dawo, shi zan haɗa miki a nan.

Gara ba dangin tururuwa ba ce kamar yadda muke zato. Masana sun tabbatar danginta na kusa shi ne kyankyaso. Akwai nau'inta kusan 3,000 a duniya, kuma waɗanda ke yi wa mutane ɓarna ƙalilan ne daga cikinsu. Kowane shuri gida ɗaya ne, mai uwa ɗaya da uba ɗaya a galibi. Uwar tana can ƙasa cikin wani ɗan ɗaki na laka da ba ta fita, jikinta ya kumbura ya kai tsawon yatsa ko fiye, aikinta ƙwai kawai. Ta zago takan yi ƙwai dubbai a rana guda, kuma takan rayu fiye da shekara goma. Fararen nan da muke gani ma'aikata ne, makafi ne, su ke gini, su ke nemo abinci, su ke renon ƙanana, su ke ciyar da uwar. Masu jajayen kawuna kuwa dakaru ne, cizonsu har jini yake fitarwa. Shingen nan da yaranmu ke bi a gindin fitila a farkon damina, a soya a ci da gishiri, su ne 'ya'yan gidan masu fiffike da ke fita neman aure. Mace da namiji su haɗu, su zubar da fukafukai, su shige ƙasa su kafa sabon gida.

Jikin ma'aikaciyar gara taushi ne da shi, idan iska da rana suka buge ta sai ta bushe ta mutu. Shi ya sa duk inda za ta sai ta gina wa kanta rufaffiyar hanya ta laka. Zanen ƙasar nan da kike gani yana hawa bangonki, titinta ne daga gida zuwa wurin abinci.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne zago manomi ne. Itace abu ne mai wuyar narkewa, don haka idan ma'aikata suka ci sai su koma gida su sauke shi, su gina wani abu da shi mai ramuka kamar saƙar zuma. A kan wannan suke shuka wata irin fumfuna ta musamman. Fumfunar ta ratsa itacen ta tausasa shi, sannan su dawo su ci. Shurin kansa, da duk hanyoyin iskar da ke cikinsa, an gina shi ne yadda gonar nan za ta zauna da ɗumi da laima daidai, kusan digiri 30, ko ana hunturu ko ana bazara. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanar da makauniyar halitta noma da gini.

A gindin shurin akwai wani rami babba. Jagora ya ce aikin dabgi ne, da dare yake zuwa ya haƙa ya lashe gara da dogon harshensa, kuma idan ya bar ramin sai gadu ya samu ɗakin kwana. Tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi duk suna cin rabonsu. Sai na tuna yadda kakarmu a ƙauye take kife tsohuwar tukunya cike da kashin shanu da karmami a bakin ramin gara, da safe ta zazzage wa 'yan tsaki da 'ya'yan zabi. Ya kuma nuna mana wani tsohon shuri da ya mutu ya baje, tsamiya da kanya sun fito a kansa kore shar, alhali ciyawar kewaye duk ta bushe. Ƙasar shuri ta fi riƙe ruwa da taki, domin gara daga can ƙasa take haƙo laka ta haɗa da abin da ta ci.

Yadda itace ke komawa ƙasa

Da muka gangara kusa da kogin Gaji sai daji ya sauya. Itatuwa suka yi tsawo, inuwa ta yi duhu, ƙasa da danshi. A nan ma akwai gungume a kwance, amma ruɓewarsu daban ce. Wani ya yi fari ya yi laushi kamar soso, ki matsa ruwa ya fito. Wani ya yi ja ya tsattsage gutsi-gutsi kamar an yanka sabulu. A jikin wasu ga laimar kwaɗi ta fito jere kamar faranti. Wannan aikin fumfuna ne, irin dangin wadda ke fito wa burodi idan ya kwana biyu a leda. Ita sai da laima take aiki. To a can tudu, inda ake wata shida ko bakwai babu ɗigon ruwa, fumfuna ba ta da ƙarfi, da ita kaɗai aka bar wa aikin da itace ya shekara da shekaru a kwance. Gara kuwa da ruwanta take zuwa daga ƙarƙashin ƙasa, ta kwashi itacen ta kai wa fumfunarta har gida. Shi ya sa a irin dajinmu na Arewa ita ce babbar mai shara.

An ma auna wannan a ƙasarmu. Wani masani mai suna Collins ya yi bincike a dajin Mokwa ta jihar Neja, aka buga sakamakon a 1981. Ya gano cewa daga cikin itacen da ke zubowa ƙasa a shekara, gara ce ke kwashe kashi 60 cikin 100. Wutar daji kuwa tana cinye kusan rabin ganyen da ya zuba, amma abin da take ci na itace bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. A 2022 kuma wasu masana suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a wurare 133 a nahiyoyi shida, inda suka ajiye guntayen katako suna dubawa. Sun ga cewa duk ƙarin zafi na digiri 10, cin da gara ke yi wa itace yana ninkuwa kusan sau bakwai. Ke nan mu da muke ƙasar zafi, kuma zafin na ƙaruwa, zama da gara ya kama mu.

Na lura kuma ba kowane itace take gamawa da shi da wuri ba. Mun wuce wani kututturen ƙirya, an cinye bayansa tas, amma zuciyarsa na nan tsaye, ja, da tauri kamar ƙarfe. Jagora ya ce ya fi shekara goma yana wuce shi a haka. Bayanin shi ne, farin ɓangaren itace na kusa da ɓawo shi ne mai taushi da abinci, zuciyar wasu itatuwa kuwa tana ɗauke da sinadaran da ƙwari ba sa so. Giginya ita akasin haka ce, cikinta ne mai taushi, bayanta ne mai tauri, kuma daga nan ake tsaga azara. Yanzu kin gane dalilin da ya sa turmin ƙirya na kakarki har yau ana daka a cikinsa, soron da aka rufa da azarar giginya ya ga jikoki, amma farin katakon nan mai araha da kafinta ya yi miki kanta da shi bai ga damina uku ba. Iyayenmu ba su shiga aji ba, amma sun san itace.

A bakin ruwan Wikki

Da yamma muka sauka matattakalar da ke kai wa ga ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har kina ganin yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Yara da Abbansu suka shiga, ni kuwa na samu gefe na zauna na tsoma ƙafafuna, ina ta juya maganar dattijon nan.

Shekara nawa ina karantar da yara ƙissar Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wadda ta zo a aya ta 14 cikin Suratu Saba'i? Ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu na ta aikin wahala ba su sani ba, sai da wata 'yar dabbar ƙasa ta ci sandar ya faɗi, sannan ta bayyana cewa aljanu ba su san gaibu ba. Malaman tafsiri sun ce gara ce. Haka kuma a Sira, lokacin da Ƙuraishawa suka rubuta takardar ƙaurace wa Banu Hashim suka rataye a cikin Ka'aba, aka yi kusan shekara uku cikin yunwa da ƙunci, gara ce ta cinye takardar ta bar sunan Allah kaɗai. Duk na san wannan, na sha rubuta shi a allo, amma ban taɓa haɗa waccan garar da ta ɗakina ba.

A nan zaune na yarda da abin da na daɗe ina gudu. Gara ba ta san littafin fiƙihu ba. Takarda daga itace ake yin ta, akwatin ma itace ne. Ta tarar da mataccen itace a ƙasa, cikin duhu da laima, shekara uku babu mai taɓawa, ta yi masa abin da take yi wa kowane gungume a Yankari. Ni ce na ajiye amanar Baba yadda ake yar da itace a daji. Ranar na yi kuka na biyu, amma wannan karon na san wa zan tuhuma.

Har manoma sun san amfaninta

Maƙwabtanmu na Nijar, musamman wajen Tawa, suna da wata dabara da suke kira tassa, a Burkina Faso kuma ana ce mata zai. Idan ƙasa ta mutu ta zama faƙo, ruwa ba ya shigarta, sai manomi ya haƙa ƙananan ramuka tun da rani ya zuba taki a ciki. Takin ya jawo gara, ita kuma ta huda faƙon da hanyoyinta. Idan ruwa ya sauka sai ya bi ramukan ya nutse maimakon ya gudu, a shuka gero ko dawa a ciki su yi kyau. Wani manomi ɗan Burkina Faso, Yakuba Sawadogo, da wannan dabara ya mai da faƙo daji, har aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018. Ya rasu a watan Disamba na 2023, watan da muka yi wannan tafiya.

Wannan ya sa na sake tunani a kan motocin itace da buhunan gawayi da muka yi ta wucewa a hanyar dawowa. Ban ce kada mu yi girki ba, na san kuɗin gas, na san halin da ake ciki. Amma busasshen itacen da ke kwance a daji abincin ƙasa ne. Idan aka kwashe na kwance, aka sare na tsaye, ƙasa ta rasa abin da za a mai da mata, gara kuma ba za ta zauna da yunwa ba, sai ta juya kan dawa da gyaɗa da rake a gona. Ko rage itacen da muke turawa a murhu muka yi, muka kashe wuta da zarar an sauke tukunya, mun taimaka.

To uwargida, ga abin yi a gida

A daji gara ma'aikaciya ce, a ɗakinki kuwa ɓarauniya ce, kuma rigakafi ya fi magani. Abubuwa uku take nema: itace ko takarda, laima, da wurin da ba a taɓawa. Ki hana ta su.

Kada ki ajiye akwati, kwali, katifa ko buhun hatsi a dandaryar ƙasa. Ki ɗora a kan benci mai ƙafar ƙarfe ko bulo, ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango yadda tsintsiya da ido za su shiga. Littattafai da takardun gida da na makarantar yara, akwatin ƙarfe ya fi musu. Idan kina da rubutun hannu na iyaye ko kakanni, ki ɗauki hoton kowane shafi da wayarki tun yau, ki tura wa 'yan uwa su ma su ajiye.

Duk wata ki janye gado da kabad da kujeru ki leƙa bayansu. Ki ƙwanƙwasa ƙyaure da katakon taga, idan kin ji yana amsawa kamar ganga to an cinye cikinsa. Ki riƙa ɗaga kai kina duban silin da azara, musamman ɗakin da yara ke kwana, domin rufin da gara ta ci ba ya sallama kafin ya faɗo, kuma da damina ya fi faɗowa idan ya sha ruwa ya yi nauyi. Idan kin ga zanen ƙasa a bango, murje shi bai wadatar ba, gidan na can ƙasa. Ki bi shi ki ga inda ya fito, ki sanar da maigida.

Famfo mai ɗiga, da gindin randa, da makwararar da ke jiƙa bango, a gyara su. Itacen girki kada a jingina shi da bangon ɗaki. Idan kuna gini, ki tuna wa maigida a tone duk kututturen da ke filin, a sa wa harsashi da katakon rufi magani tun kafin a rufa, domin ya fi sauƙi da araha a lokacin.

Sai babban gargaɗi. Maganin gara guba ne. A bar wa wanda ya san aikin ya sa, a fitar da yara da abinci da ruwan sha, kada mai ciki ko mai shayarwa ta kusanci wurin, kuma kada a zuba ragowar a robar lemo a ajiye inda yaro zai gani. Ƙwayar nan da ake sa wa hatsi a rumbu, kada a kuskura a sa ta a ɗakin da ake kwana ko na kusa da shi. Iskar da take fitarwa tana kisa, kuma an sha rasa rayuka ta haka.

Mun baro Yankari ba mu ga giwa ba. Abdullahi har Dindima yana ƙunƙuni, sai da Abbansa ya yi alƙawarin za a dawo. Idan ke ma kina da niyyar zuwa, rani ya fi, lokacin da ciyawa ta kwanta dabbobi ke taruwa a bakin Gaji, kuma maigida ya fara bincika lafiyar hanya kafin ku tashi. Ni dai da na dawo na sayi akwatin ƙarfe, na jera abin da ya saura na littattafan Baba, na ɗauki hotunansu shafi-shafi na tura wa yayanmu tare da ba shi haƙuri. An gyara famfon ma.

'Yar uwa, kafin ki kwanta yau ki ɗauki tocila ki leƙa bayan akwatin nan da kika daɗe ba ki motsa ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, Ya tsare mana gidajenmu da zuri'armu.